Layin dogo Kano–Maraɗi: su wa za su kwana da ƙarar jirgin?

Duk lokacin da aka tayar da zancen layin dogon da zai haɗa Kano da Maraɗi, hira takan tsaya ne a kan abu biyu: ribar da ƴan kasuwa za su samu, da diyyar da za a biya masu gonakin da layin zai ratsa. Akwai kuma wasu mutanen da ba a cika sa su cikin lissafi ba, wato waɗanda layin ba zai ci gidajensu ba amma zai wuce ta bayan katangarsu. Ba za a tashe su ba, ba su cikin jerin masu karɓar diyya, kuma su ne za su zauna da ƙarar jirgin dare da rana har tsawon shekaru.

A ranar 9 ga watan Fabrairun 2021 ne shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan dala miliyar 2. Tsawon layin kilomita 284 ne, daga Kano ya bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, sannan ya tsallako iyaka ya ratsa gundumar Madarumfa zuwa birnin Maraɗi. Alƙaluman da hukumomin Najeriya suka bayar sun nuna ana sa ran zai riƙa ɗaukar fasinjoji fiye da 9,000 da kaya kimanin tan 3,000 a kowace rana. An sha ɗaga ranar kammala aikin, kuma wannan jinkirin yana da nasa amfanin ga mazauna ɓangaren Nijar, domin maganin ƙara ya fi sauƙi da araha tun layi yana kan takarda.

Wani abin lura shi ne, a Nijar babu wanda ya taɓa zama maƙwabcin jirgin ƙasa mai zirga-zirga kullum. Layin Yamai zuwa Doso, mai kimanin kilomita 140 da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016, bai kai ga yin jigilar yau da kullum ba. Mutanen Zariya ko Kaduna sun san yadda kofi ke rawa a kan tebur in jirgin kaya ya wuce, amma mai gari a karkarar Madarumfa da za a kira taron jin ra'ayi ba ya da abin da zai kwatanta da shi.

Lissafin desibel ba irin na kasuwa ba ne

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Daren ƙauye mai tsit yana wajen desibel 30, hirar mutum biyu kusa da juna wajen 60, babbar mota in ta wuce kusa da mutum ta kan kai 85 zuwa 90. Wanda ke wuni cikin ƙarar da ta kai 85 na tsawon awa 8 a kowace rana, kamar mai injin niƙa, yana cikin haɗarin rasa jinsa sannu a hankali.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, lambobin ba sa tafiya kamar kuɗi. Idan injin niƙa ɗaya yana ba da desibel 80, aka kunna na biyu irinsa a gefensa, jimillar za ta zama 83. Ƙarin desibel 3 na nufin ƙarfin ƙarar ya ninka sau biyu, ƙarin 10 kuma na nufin ya ninka sau goma, kodayake kunnen mutum yana jin sa ne kamar ninki biyu. Saboda haka idan injiniya ya ce wa taron jama'a ƙarar unguwa za ta tashi daga 45 zuwa 55 kawai, kalmar “kawai” ba ta da gurbi a wurin.

Nisa yana rage ƙara, amma ba da saurin da ake zato ba. Ga abin da ke tsaye wuri guda, duk lokacin da nisa ya ninka ƙara na raguwa da desibel 6. Katafila mai ture ƙasa tana ba da kimanin 85 a nisan mita 15. A mita 30 ta koma 79, a mita 60 ta koma 73, kuma a fili fetal sai an yi nisan kusan mita 480 kafin ta sauko 55. Jirgin kaya mai taragai da yawa ya fi haka wuyar sha'ani, domin dogon abu ne da ke fitar da ƙara daga kai har wutsiya, kuma a kusa da shi raguwar ba ta wuce desibel 3 ga kowane ninkin nisa.

Ƙarar aikin gini mai wucewa ce. Za a yi watanni ana jin katafila, motocin tsakuwa, injin daddaɓe ƙasa, da injin kafa ginshiƙan gada wanda bugunsa ke kaiwa desibel 100 a mita 15. Wannan ana iya shawo kanta da ƙa'idoji masu sauƙi: a hana aiki mai ƙara da dare kusa da gidaje, a sanar da mutane ranar da za a fasa dutse, a kauce wa lokacin jarrabawa a kusa da makarantu. Wadda za ta dawwama ita ce ta zirga-zirga.

Daga ina ƙarar jirgi ke fitowa

Mutane da yawa suna ɗauka injin ne ke yin duk hayaniyar. In jirgi na tafiya a hankali ko yana tsaye a tasha, haka ne: sababbin layukan Najeriya, kamar na Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan, da injin dizal suke aiki, kuma gurnanin dizal mai kauri ne, yana ratsa bango fiye da ƙara mai kaifi. Amma da zarar jirgi ya ɗauki gudu, abin da ya fi tashi shi ne gogayyar ƙafafun ƙarfe da ƙarfen dogo. In fuskar ƙafar ta yi kaushi, ko dogon ya yi gargada, ƙarar sai ta ƙaru. A kwana mai tsanani kuma ƙafafun kan yi wani ƙugi mai kaifi da ke shiga har cikin haƙori.

Irin burkin da aka sa wa taragai yana da babban tasiri a nan. Tsohon burki na baƙin ƙarfe yana kankare fuskar ƙafa ya bar ta da kaushi, sabon samfurin da aka yi da gaurayen sinadarai kuwa yana barin ta sumul, kuma bambancin na kaiwa desibel 8 zuwa 10, wato kusan rabin abin da kunne ke ji. Bayan shekaru na koke-koken mazauna bakin layukan kaya, musamman a kwarin kogin Rhin, Suwizalan ta hana taragai masu tsohon burki bin layukanta daga farkon 2020, Jamus ta bi sahu a watan Disamban wannan shekarar. Layin da zai fara da sababbin taragai yana da damar tsallake wannan matsala tun ranar farko, muddin an rubuta sharaɗin cikin yarjejeniyar tafiyar da layin tsakanin ƙasashen biyu.

Sai oda. A Amurka doka ta ce odar jirgi ta kasance tsakanin desibel 96 da 110 a nisan mita 30, kuma direba ya fara busa ta daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin ya isa inda hanya ta gitta dogo. In aka ɗauki 100 a mita 30, lissafin ninkin nisa ya nuna a wajen kilomita ɗaya gaban jirgi tana iya kaiwa kusan 70, kafin a cire abin da ƙasa da gine-gine ke shanyewa. Ba wanda zai nemi a hana direba busa oda a yankin da ke cike da amalanken shanu, ƴan kabu-kabu, yara masu kiwo da garken dabbobi da ke bin burtali, domin rai take tsarewa. Abin da za a iya ragewa shi ne yawan wuraren da dole sai an busa ta. Duk inda aka yi gadar sama ko hanya ta ƙarƙashin dogo, an kawar da oda guda da haɗari guda a lokaci ɗaya. Kowace mahaɗa da aka bari a fili kusa da gari kuwa, tana nufin mutanen garin za su ji oda a duk wucewar jirgi, har da na ƙarfe ukun dare.

Tashar kaya ta fi ko'ina hayaniya. A can ake haɗa taragai ana raba su, suna karo da juna, injuna na tsaye a kunne, ana loda kwantena, manyan motoci na shiga suna fita. Gaskiya ne jirgi zai rage tireloli a kan hanyar Ɗan Isa: tan 3,000 daidai yake da lodin motoci 100 masu ɗaukar tan 30. Sai dai ko da rabin motocin hanya sun ɓace, desibel 3 ne kawai za su ragu, alhali kayan da jirgi ya sauke sai motoci sun kwashe su zuwa Damagaram, Tawa, Agadas da Yamai. Hayaniyar da ke warwatse a kan hanya za ta taru ne a ƙofa guda, kuma unguwar da ke bakin wannan ƙofa ita za ta ɗauki nauyin.

Dare, da mai kwana a tsakar gida

Ma'aunin da manyan bankunan da ke ba da bashin irin waɗannan ayyuka suka fi amfani da shi shi ne na rukunin Bankin Duniya na 2007. Ya ce a unguwannin zama, makarantu da wuraren kiwon lafiya kada ƙara ta wuce desibel 55 daga ƙarfe 7 na safe zuwa 10 na dare, kada kuma ta wuce 45 daga 10 na dare zuwa 7 na safe. Ya ƙara da cewa sabon aiki kada ya ɗaga ƙarar da aka saba da ita a wuri da fiye da desibel 3. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar wa nahiyar Turai a 2018, ta sa iyakar ƙarar jirgin ƙasa da dare a kan 44.

Waɗannan lambobi matsakaici ne, ana tara ƙarar dare duka a raba, kuma a nan matsala take ɓuya. Misali, a ce jirgi ɗaya ya wuce wani ƙauye cikin dare, ya yi minti ɗaya yana ba da desibel 70 a gidan da ya fi kusa. In aka baza wannan minti ɗaya a kan awa 9 na dare, matsakaicin zai fito wajen 43. A takarda an cika ƙa'ida, tunda bai kai 45 ba. A gidan kuwa jariri ya farka, uwarsa ta farka, tsohon da da ma barcinsa bai da nauyi ya wartsake ke nan har asuba. Shi ya sa ita Hukumar Lafiya ta Duniya, tun a ƙa'idojinta na 1999, ta sa wata iyakar dabam ga ƙarar da ke zuwa farat ɗaya: kada ta wuce 45 a cikin ɗakin kwana, ko 60 a wajen taga. Rahoton da ya kawo matsakaici shi kaɗai, bai faɗi ƙololuwar ƙarar kowace wucewa da yawan jiragen dare ba, ya bar rabin labarin a baya.

Akwai kuma abin da waɗannan ƙa'idoji suka ɗauka a matsayin tabbas: cewa mai barci yana cikin ɗaki, bango da taga na rage masa kamar desibel 15 ko da tagar a buɗe take. A Maraɗi, daga watan Maris zuwa faɗuwar damina, wa ke kwana a ɗaki? In zafin bazara ya haura digiri 40 da rana, rufin kwano ya riƙe shi har tsakar dare, ga kuma ɗaukewar wuta, iyali duka tsakar gida suke shimfiɗa tabarma, samari kuma a ƙofar gida. Tsakaninsu da jirgi sai katangar ƙasa, a ƙauye ma sau da yawa dangar kara ce, wadda ba ta tare komai. Ƙarar da aka lissafa ta waje ita ce za ta shiga kunnensu kai tsaye. Maganin da Turawa suka fi dogara da shi, wato sa wa gidaje taga mai gilashi biyu, ba ya da wani amfani ga wanda ke kwance a fili.

Hunturu kuma na da nasa halin. Da dare ƙasa na saurin hucewa, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi, sai sauti ya riƙa lanƙwasowa ƙasa maimakon ya tashi sama ya ɓace. Dalili ke nan da ya sa da asubar sanyi ake jin kiran salla ko kiɗan biki daga garin da ke nesa kamar a bayan gida. Odar jirgi ma haka za ta yi. Awon da aka yi da tsakar rana a wata guda ba zai nuna wannan ba.

Rashin barci ba ƙaramin abu ba ne ga lafiya. Ƙarar dare tana tayar da bugun zuciya ko da mutum bai farka sarai ba, kuma bincike ya danganta daɗewa cikinta da hawan jini da ciwon zuciya. Hukumar muhalli ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta a rahotonta na 2020 cewa ƙarar muhalli, galibi ta motoci, jiragen ƙasa da na sama, tana da hannu a mutuwar mutum 12,000 kafin lokacinsu a kowace shekara a nahiyar, tana kuma hana mutum miliyan 6.5 barcin kirki. Sabo da ake cewa ana yi da ƙara, yawanci a tunani ne yake tsayawa, jiki yana ci gaba da amsawa.

Game da makarantu, akwai wani bincike da aka daɗe ana kafa hujja da shi. A 1975 wata masaniya mai suna Arline Bronzaft ta duba wata makarantar firamare a birnin New York da ke kusa da layin jirgi. Jirgi na wucewa kusan kowane minti huɗu da rabi, malami ya yi shiru sai ya wuce. Ta gano cewa ƴan aji shida da ke ɓangaren dogo sun kasance baya a karatu da kusan shekara guda in aka kwatanta su da takwarorinsu na ɗaya ɓangaren ginin. Da aka sa roba a ƙarƙashin dogon aka kuma gyara rufin azuzuwan, binciken da ta sake yi a 1981 ya nuna bambancin ya gushe. Jiragen Maraɗi ba za su kai wannan yawa ba, ko kusa. Amma yaran New York suna cikin ginin bulo ne, yara da yawa a karkarar Maraɗi kuwa a rumfunan zana suke karatu, almajiran makarantun allo kuma a fili, da asuba da bayan magariba.

Girgizar ƙasa abokiyar tafiyar ƙara ce. Jirgin kaya mai nauyi yana aika motsi ta cikin ƙasa zuwa gidajen da ke cikin ƴan gomman mitoci daga dogo. Kasafai take rushe gini mai ƙwari, amma ginin laka da rumbun ƙasa da damina ta riga ta jiƙa abin a sa musu ido ne. Hanyar kauce wa gardama ita ce a zagaya gidajen da ke kusa a ɗauki hotunan bangayensu kafin a fara aiki, don in tsaga ta bayyana daga baya a san daga inda ta fito.

Abin da ke aiki, da inda doka ta ba da ƙofa

Maganin da ya fi kowane araha shi ne tazara: a kauce wa gari tun wurin zana layi, a kai tashar kaya nesa da gidaje, sannan a hana yanka filaye a cikin tazarar da aka bari. Wannan na ƙarshen ya fi wuya, domin duk wanda ya san yadda Maraɗi ke faɗaɗa ya san fili kusa da tasha ba ya daɗewa babu mai shi. In ma'aikatar magajin gari ta raba fuloti har bakin dogo bayan shekara biyar, ita ce za ta jawo wa mutane abin da aka guje musu.

Inda tazara ba ta samu ba, sai katanga ko tudun ƙasa irin na ganuwa. Sharaɗinta shi ne ta kasance mai kauri, ba rami ba ƙofa, ta kuma tare ido: in mai tsaye a tsakar gida yana hango ƙafafun jirgi, ƙarar ma tana iso shi. Wadda aka yi da kyau tana rage desibel 5 zuwa 10, wani lokaci fiye. Ƙasar da aka haƙo wurin aikin ma tana iya zama ganuwar, ba sai an sayi siminti ba. Layin itatuwa kuwa, wanda aka fi son yi wa mutane alkawarinsa a wurin taro, yana da amfani wajen inuwa da tare ƙura, amma jeri ɗaya na dogon yaro kusan ba ya rage komai. Sai kurmi mai duhu da faɗinsa ya kai mita 30 kafin a samu ragin desibel 5. Sauran matakan na masu tafiyar da jirgi ne: dogo mai walda wanda ba ya da gaɓoɓin da ke ƙwanƙwasa, gyaran ƙafafu a kan kari, rage gudu a cikin gari, kashe inji in jirgi zai daɗe tsaye, da taƙaita jiragen kaya tsakanin tsakar dare da asuba.

Dokar Nijar ta ba talakawa wurin shiga wannan magana. Doka mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamban 1998 ita ce uwar dokokin kare muhalli, sai doka mai lamba 2018-28 ta ranar 14 ga Mayun 2018 da ta tsara yadda ake binciken tasirin manyan ayyuka a kan muhalli da jama'a, binciken da aka fi sani da EIES. Hukumar BNEE da ke ƙarƙashin ma'aikatar muhalli ce ke tantance rahoton kafin minista ya ba da takardar amincewa, kuma sauraron jama'ar da abin ya shafa yana cikin sharuɗɗan. Daga rahoton ake fitar da tsarin matakan da mai aiki ya ɗauki alkawarin cikawa, wanda ake kira PGES. Abin da aka rubuta a cikinsa da adadi da wuri da kuɗinsa, ana iya bin sawunsa. Abin da aka faɗa da baki a ƙarƙashin rumfar taro ba ya da mai tsaronsa.

Dokar karɓe filaye don amfanin jama'a, mai lamba 61-37 ta 1961 da aka yi wa gyara a 2008, ta fi mai da hankali ne a kan wanda aka karɓi gonarsa ko gidansa ko aka tashe shi. Maƙwabcin da aka bari a wurinsa, kariyarsa tana cikin PGES ne, shi ya sa tambayoyin da masu gari, masu unguwanni, daraktocin makarantu da ƙungiyoyin fararen hula za su yi a taron jin ra'ayi suke da nauyi. Jirgi nawa zai wuce tsakanin 10 na dare da 7 na safe? Desibel nawa ne ƙololuwar kowace wucewa a gidan da ya fi kusa, a makaranta, a likita? Mahaɗa nawa za a bari a fili, burtali nawa za a yi wa hanya ta ƙasa? Ina taswirar da ta nuna iyakar inda ƙara za ta wuce 45 da dare, kuma gida nawa ne a cikinta? Wa zai gina katanga, wa zai gyara ta in ta zube?

Tambayar da ta fi sauran gaggawa ita ce ta awon farko. Ƙa'idar desibel 3 ba ta da ma'ana in ba a san yadda garin yake ba kafin jirgi ya zo, kuma da zarar katafila ta shiga fili damar yin wannan awo ta wuce. Awon da zai yi amfani shi ne wanda aka yi awa 24 a jere, a tsakar gidajen da suka fi kusa da layin, sau ɗaya a bazara sau ɗaya a hunturu, aka kuma ajiye kwafin sakamakonsa a ma'aikatar magajin gari da wurin mai gari, inda duk mai ƙorafi zai iya zuwa ya nema.